Shehu Abdullahi: Abin da rayuwar ɗan wasan baya ke koya wa matasan karkarar Kano

A gidajen kallon ƙwallo na Jihar Kano, daga Sabon Gari zuwa Dambatta da Makoda, sunan wanda ya jefa ƙwallo a raga ne ke zama a bakin jama'a bayan an tashi wasa. Ɗan wasan baya kuwa ba a cika tuna shi ba sai ranar da ya yi kuskure. Duk da haka, wanda yake son ya fahimci yadda sana'ar ƙwallon ƙafa take tafiya, da ribarta da asararta, zai fi samun amsa a rayuwar ɗan baya, domin shi ne ke cin abinci da juriya da biyayya ga tsari, ba tare da tafin 'yan kallo ba.

Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato wanda ya yi suna a Kano Pillars, yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da suka taka kowane mataki na wannan sana'a: gasar cikin gida, ƙungiyoyin ƙasashen waje a nahiyoyi biyu, wasannin Olamfik, gasar cin kofin duniya da ta kofin nahiyar Afirka, sannan dawowa gida. Iyayen da 'ya'yansu ke roƙon a ba su dama su gwada sa'arsu, da 'yan kasuwar da ake zuwa wa da tayin su zuba kuɗi a makarantun horar da ƙwallo, da jami'an ƙananan hukumomi masu kula da wasanni, duk suna da abin da za su tsinta a tarihinsa.

Mene ne aikin ɗan baya?

A tsarin da aka fi sani, ƙungiya kan jera mutum huɗu a gaban mai tsaron raga: biyu a tsakiya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na tsakiya su ne ke fama da ɗan gaban abokan hamayya, su tare ƙwallon sama, su kuma daidaita layi domin kama abokin hamayya da satar gida. Na gefe kuma aikinsu biyu ne a haɗe. Za su hana mai gudun gefe wucewa, sannan idan ƙungiyarsu ta karɓi ƙwallo su ruga gaba su taimaka wajen kai hari, su kuma dawo da gudu kafin a yi amfani da gurbin da suka bari.

Wannan ne ya sa lamba biyu da lamba uku suke cikin guraben da suka fi cin ƙarfi a fili. Ana buƙatar numfashi mai tsawo, da sanin lokacin da ya dace a hau da lokacin da ya dace a tsaya. Ana kuma buƙatar haƙuri, domin ɗan gaba zai iya ɓarar da dama biyar ya ci ta shida a ɗauke shi a kafaɗa, amma ɗan baya zai iya yin minti tamanin da tara ba aibu, ya zame sau ɗaya, a kwana ana zaginsa.

Shehu ya fara ne a matsayin ɗan wasan tsakiya mai tare hari, daga baya masu horarwa suka mayar da shi baya ta dama, musamman a tawagar ƙasa. Iya buga gurbi fiye da ɗaya ya zama jarinsa mafi girma, domin kocin da aka iyakance masa yawan 'yan wasan da zai tafi da su gasa yakan fifita wanda zai toshe masa ɓaraka biyu.

Daga Sakkwato zuwa Ƙofar Mata

An haifi Shehu Abdullahi a ranar 12 ga Maris, 1993, a birnin Sakkwato. Ya bi ta Plateau United ta Jos kafin ya iso Kano Pillars, a daidai lokacin da ƙungiyar ta Sai Masu Gida take kan ganiyarta. Pillars ta lashe gasar firimiyar Najeriya a karon farko a 2008, sannan ta jera ta sau uku, a 2012 da 2013 da 2014. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya kasance wurin da baƙi ke shiga da fargaba a waɗancan shekarun.

Zama a ƙungiyar da ke cin kofi yana jawo idon masu horar da tawagar ƙasa. A 2013 Shehu yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je gasar duniya a Turkiyya ƙarƙashin John Obuh, inda Uruguwai ta fitar da Najeriya a zagaye na biyu. A farkon 2014 kuma marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu domin gasar CHAN, wadda aka keɓe wa 'yan wasan da ke bugawa a ƙasashensu. A can ne Najeriya ta farke ƙwallo uku da Maroko ta zura mata, ta ci wasan 4 da 3, ta kuma kammala gasar a matsayi na uku bayan doke Zimbabuwe.

Akwai abin lura a nan. Shehu bai tsallake gasar gida ba. Ya yi wasanni a gaban dubban 'yan kallo, ya sha doguwar tafiyar mota zuwa wasannin waje, ya kafa tarihin da kowa zai iya dubawa, kafin wata ƙungiyar waje ta neme shi. Wanda ya fita ta wannan ƙofa yakan tafi da daraja, domin mai saye ya san abin da yake saye.

Shekarun ƙetare

Zangonsa na farko a waje shi ne ƙungiyar Qadsia ta Kuwaiti, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar, wadda ya koma a 2014. A 2015 ya shiga Turai ta hannun União da Madeira, ƙungiyar tsibirin Madeira na Fotugal, mahaifar Cristiano Ronaldo. Ƙungiyar ta hauro babbar gasar Fotugal a shekarar bayan kusan shekara ashirin ba ta ciki, amma kaka ɗaya kawai ta yi ta sake faɗawa a 2016.

Daga nan ya koma Anorthosis ta ƙasar Saifurus, sai Bursaspor ta Turkiyya a watan Janairun 2018, inda ya tarar da abokin aikinsa a tawagar ƙasa, William Troost-Ekong. Bursaspor ba ƙaramar ƙungiya ba ce, domin ta lashe gasar Turkiyya a 2010, amma ta faɗi daga babbar gasar a 2019, kuma matsalar kuɗi ta ci gaba da jan ta ƙasa har ta kai rukuni na huɗu a 2024. A 2020 Shehu ya sake komawa Saifurus, wannan karo Omonia ta birnin Nikosiya, inda ya samu shekarunsa mafi albarka a Turai: ƙungiyar ta lashe gasar ƙasar a kakar 2020/2021 ƙarƙashin Henning Berg, tsohon ɗan bayan Manchester United, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2022. Bayan ɗan gajeren zama a Levski Sofia ta Bulgeriya, ya dawo Kano Pillars a kakar 2023/2024.

Idan aka ƙirga, ƙungiyoyi shida ke nan a ƙasashe biyar cikin ƙasa da shekara goma. Wannan ita ce ainihin surar rayuwar mafi yawan 'yan Afirka masu buga ƙwallo a waje. Manyan gasa biyar da ake haskawa a gidajen kallo, wato na Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa, 'yan tsiraru ne ke isa can. Saura suna rayuwa ne a kan kwantiragin shekara ɗaya zuwa uku, a ƙasashen da sai sun koyi sabon harshe da sabon abinci, kuma faɗuwar ƙungiya daga babbar gasa kan zo da ragin albashi ko sallama, ko da ɗan wasan ya yi iya ƙoƙarinsa. Sau biyu Shehu ya ɗanɗani irin wannan faɗuwa, a Madeira da Bursa, kuma sau biyun ya sake samun wurin da zai tsaya da ƙafafunsa.

Riyo 2016: tagullar da ta fitar da ƙasa kunya

Wasannin Olamfik na 2016 a Barazil su ne suka fito da sunansa ga sauran 'yan Najeriya. Tawagar Samson Siasia, wadda John Obi Mikel ya jagoranta a fili, ta maƙale a birnin Atlanta na Amurka saboda matsalar jirgi, ba ta sauka a Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko a ranar 4 ga Agusta. Duk da gajiyar, ta doke Japan 5 da 4, inda Oghenekaro Etebo ya ci huɗu.

Wasa na biyu da Suwidin ne, ƙasar da ta zo a matsayin zakarar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 21 ta 2015. Najeriya ta ci ɗaya mai ban haushi ta hannun Umar Sadiq, ɗan Kaduna, kuma bayan da aka zura wa huɗu kwana uku da suka wuce ya hana Turawan ganin raga. Tawagar ta doke Denmak 2 da 0 a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, ta sha kashi 2 da 0 a hannun Jamus, sannan ta ci Honduras 3 da 2 a ranar 20 ga Agusta a Belo Horizonte. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar yabon da Najeriya ta dawo da ita daga Riyo a duk wasannin da ta shiga. Shehu ne ya riƙe baya ta dama, kuma rawar da ya taka ta buɗe masa hanya a babbar tawagar da Gernot Rohr ya karɓa a cikin watan.

Uyo da Kwanstantin: daɗi da ɗaci cikin wata biyu

A ranar 7 ga Oktoba, 2017, Najeriya ta karɓi baƙuncin Zambiya a filin wasa na Godswill Akpabio da ke Uyo. Wasa ya yi tauri har aka shiga kwatan ƙarshe. Sai Shehu ya hau ta dama, ya karɓi ƙwallo daga Victor Moses, ya mayar da ita baya cikin da'ira, Alex Iwobi ya buga ta shiga. Da wannan ƙwallo Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 2018. Hotunan da suka bazu na Iwobi ne, amma masu nazarin wasa sun san daga ƙafar da ƙwallon ta fito.

A wasan ne kuma aka ba shi katin gargaɗi. Da ma yana da wani da ya karɓa tun 2015, a zagayen share fage da Suwazilan. Dokar FIFA ta ce kati biyu a wasannin neman gurbi suna hana ɗan wasa buga wasa na gaba. Amma aka saka shi a wasan ƙarshe da Aljeriya a birnin Kwanstantin a ranar 10 ga Nuwamba, aka tashi ɗaya da ɗaya. A watan Disamba FIFA ta soke sakamakon, ta bai wa Aljeriya nasara da ci 3 da nema, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya faran 6,000 na Suwizalan.

Najeriya ta tsira ne kawai saboda ta riga ta ba da tazarar da maki ɗaya ba zai canja komai ba. Da a ce gurbin ya rataya a kan wancan wasa, da ƙwallon Uyo ta tashi a banza. Ma'aikacin gwamnati zai fi kowa gane darasin: fayil ɗin da ba a duba ba yana iya rushe aikin shekara biyu. Ƙwallon zamani rabinta a fili take, rabinta a ofis.

Rasha da Masar: yadda gurbi ke suɓucewa

Shehu yana cikin sha ɗayan da suka fara wasan Najeriya na farko a Rasha, da Kuroshiya, a ranar 16 ga Yuni, 2018, a birnin Kaliningrad. An doke Najeriya 2 da 0, kuma duka ƙwallayen sun samo asali ne daga bugun kusurwa: ta farko Etebo ya ci gida, ta biyu Luka Modric ya ci da bugun fenariti. Rohr ya sauya tsari a wasa na gaba, ya koma 'yan baya uku a tsakiya, ya ja Victor Moses ya riƙe gefen dama gaba ɗaya. Sabon tsarin ba shi da gurbin lamba biyu irin na gargajiya, don haka Shehu ya koma benci. Najeriya ta ci Aisilan 2 da 0 da ƙwallayen Ahmed Musa, sannan Ajantina ta fitar da ita da ci 2 da 1.

Shekara guda bayan haka, a gasar kofin Afirka ta Masar, ya sake samun gurbinsa a wasan farko da Burundi a Iskandariyya, ranar 22 ga Yuni, 2019. Kafin a tafi hutun rabin lokaci rauni ya fitar da shi, Chidozie Awaziem ya maye gurbinsa, ya kuma riƙe shi a mafi yawan sauran gasar. Najeriya ta zo ta uku bayan doke Tunisiya, Shehu ya karɓi tagullarsa, amma daga lokacin matasa irin su Ola Aina suka fara mamaye gefen.

Sauyin tsari da rauni abubuwa ne da ba su hannun ɗan wasa, kuma kowannensu kan iya sauya rayuwa cikin dare ɗaya. Zaidu Sanusi, ɗan garin Jega na Jihar Kebbi, shi ma shaida ne. Shi ne ya ci ƙwallon da ta bai wa Porto kofin gasar Fotugal a gidan Benfica a ranar 7 ga Mayu, 2022, ya kuma buga wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan a Fabrairun 2024. Kwanaki kaɗan bayan komawarsa Fotugal ya ji mummunan rauni a gwiwa wanda ya ajiye shi tsawon watanni.

Madubin Suwidin

Domin a gane inda bambancin yake, yana da kyau a duba wani ɗan bayan da ya buga gasar Rasha tare da Shehu, daga ƙasar da tsarinta ya zauna. Andreas Granqvist, kyaftin ɗin Suwidin a lokacin, an haife shi a 1985 a wani ƙaramin gari da ke kusa da birnin Helsingborg. Shi ma bai taɓa buga wa ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin duniya ba. Ya taso a Helsingborg, ya gwada sa'a a Wigan ta Ingila abin bai yi armashi ba, ya farfaɗo a Groningen ta Holan, ya wuce Genoa ta Italiya, sannan ya yi shekara biyar a Krasnodar ta Rasha.

Shi ne ya jagoranci bayan da ya hana Italiya cin ko ƙwallo ɗaya a wasanni biyu na neman gurbi a Nuwamban 2017, abin da ya hana Italiya zuwa gasar duniya a karon farko tun 1958. A Rasha ya ci fenariti biyu, a kan Koriya ta Kudu da Meksiko, Suwidin ta kai zagayen 'yan takwas kafin Ingila ta fitar da ita. Yana gama gasar ya koma Helsingborg, wadda a lokacin take rukuni na biyu, ya taimaka ta hauro a shekarar. Ya ajiye takalmi a 2021 yana da shekara 36, ya kuma shiga shugabancin ɓangaren wasanni na ƙungiyar.

Kamannin a bayyane suke: yawon ƙasashe, juriya bayan faɗuwa, da komawa gida a ƙarshe. Bambancin yana can tushe. A Suwidin ƙananan ƙungiyoyin gari su ne ƙashin bayan wasanni, mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a cikinsu bisa doka, kuma yaro yana shiga rajista tun yana ƙarami, da ranar haihuwarsa da sunan ƙungiyarsa. Idan ya girma aka sayar da shi, an san wanda ya rene shi. Gasar Gothia da ake yi a birnin Gothenburg tun 1975 tana tara ƙungiyoyin yara daga sassan duniya, masu farautar 'yan wasa na zuwa suna kallo.

Ƙasar ta kuma zama mashiga ga 'yan Afirka, domin babbar gasarta mai ƙungiyoyi 16 tana saye da araha ta sayar da tsada. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ta nan ya bi: ya koma IFK Göteborg a 2018, ya wuce Royal Antwerp ta Beljiyam a 2021, ya lashe gasar ƙasar da ita a 2023, aka kuma kira shi tawagar Najeriya da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddebuwa.

Ina yaron Makoda a cikin wannan lissafi?

Makoda, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, ƙasar noma ce da gonaki suka haɗe da gidaje, inda gero da dawa da gyaɗa da wake suke cinye kusan kowane taku na fili. Da damina hannun matashi yana gona. Ƙwallo takan samu sarari ne da rani, a filayen makarantu da gonakin da aka girbe. Hazaƙa ba ta san birni ko ƙauye ba, amma hanyar da ke kai ta kasuwa ta san bambancin. Yaron Koguna ko Makoda zai iya fin na Fagge iya tare ƙwallo, sai dai na Fagge yana da ƙungiya mai rajista a unguwarsu, kuma masu neman 'yan wasa suna wucewa ta ƙofar gidansu.

A nan ne dokokin FIFA suke da muhimmanci, kuma ya kamata iyaye da masu ƙungiyoyi su san uku daga cikinsu.

Ta farko, an haramta sauya wa ɗan wasa ƙungiya daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu ƙayyadaddun dalilai, kamar ƙaurar iyayensa domin abin da bai shafi ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya zo wa magidanci da alkawarin kai ɗansa mai shekara goma sha biyar wata ƙungiyar Turai, ya kuma nemi a sayar da gona ko shanu a biya kuɗin hanya, abin tuhuma ne tun daga farko. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske takan aiko da takardar gayyata da za a iya tantancewa, kuma ita ce ta saba ɗaukar nauyin tafiyar. FIFA ta kuma dawo da jarabawar lasisin dillalan 'yan wasa a 2023, don haka ana iya tambayar kowane dillali shaidarsa.

Ta biyu, duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin kwantiraginsa ya ƙare, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas ɗin kowace tana da rabin kashi ɗaya. Idan aka sayar da ɗan wasa Yuro miliyan ɗaya, kason renon ya kama Yuro 50,000, kuma ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 kaɗai za ta samu Yuro 10,000. Wannan kuɗi zai iya gyara fili ya sayi kayan wasa na shekaru. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance tana da rajista da hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron yana cikin kundinta. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke biyan irin waɗannan kuɗaɗe bisa bayanan da ke cikin na'ura. Ƙungiyar da ba ta cikin kundi ba ta da kaso, ko da ita ta koya wa yaron ɗaure takalmi.

Ta uku ita ce batun shekaru. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda Kano tana cikin biranen da aka buga ta, ake amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance shekarun 'yan wasa. Takardar haihuwa ta gaskiya, wadda aka yanka tun yaro yana jariri, ta zama kadara. Rage shekaru kuwa bashi ne da jiki ke biya daga baya.

Matakan da ke gaban matashin karkara sanannu ne: gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi, gasar matasa irin ta kofin Ramat da ake yi a Kano domin tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, sai rukunin NLO, sai NNL, sannan gasar firimiya ta NPFL. Tsani ne mai tsawo, kuma mafi yawan masu hawansa ba sa kaiwa ƙarshe. Shi ya sa barin makaranta ko sana'a domin ƙwallo kaɗai caca ce da iyali ba su cika cin ribarta ba. Wanda ya yi nasara ma, da wuya ya wuce shekara talatin da biyar yana bugawa, sauran rayuwa kuma tana gabansa.

Dawowa gida

Lokacin da Shehu ya dawo, Pillars ba ita ce wadda ya bari ba. Ta faɗi daga gasar firimiya a 2022, ta hauro a 2023, tana neman sake gina kanta. A kakar 2024/2025 Ahmed Musa ya same shi a can, aka ga 'yan wasa biyu da suka wakilci Najeriya a gasar duniya suna sanye da rigar ƙungiya ɗaya a gasar cikin gida, abin da ba a saba gani ba. A 2025 aka naɗa Musa babban manajan ƙungiyar.

Amfanin irin wannan dawowa ya wuce yawan 'yan kallo. Matashin ɗan baya da ke atisaye kusa da wanda ya buga a Fotugal da Turkiyya yana koyon abin da ba a rubuta shi a allo: yadda ake tsayawa, yadda ake magana da abokin layi, yadda ake kula da abinci da barci, da yadda ake karanta kwantiragi kafin a sa hannu. Ilimin da aka tara a ƙasashe biyar yana iya ƙarewa a kan mutum ɗaya, yana kuma iya yaɗuwa.

Yaɗuwarsa zuwa wurare irin su Makoda ba ta buƙatar biliyoyi. Tana buƙatar ƙaramar hukuma ta kare filayen makarantu daga masu yanka fulotai, ta tsayar da gasar mazaɓu a kowane rani, ta kuma taimaka wa ƙungiyoyin gari su yi rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Tana buƙatar ɗan kasuwar da ke son taimaka wa garinsu ya fara da kundin rajista da koci mai takardar shaida kafin ya buga riguna masu sunansa. Tana kuma buƙatar iyaye su yanka wa 'ya'yansu takardar haihuwa, su riƙe su a makaranta, su kuma tambayi duk mai alkawarin Turai lasisinsa da takardar gayyatarsa kafin su taɓa abin da ke cikin rumbu.